Asid mai rauni ma yana cin ƙarfe: wasiƙa daga Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta zama ruwan dare, wadda nake ji daga bakin ɗaliban lise masu shirin jarrabawar bakalore, nake kuma jin ta da wasu kalmomi daga bakin masu sayar da abin sha a kasuwa. Ɗaliban suna cewa asid na kaboksil mai rauni ne, saboda haka ba ya yi wa ƙarfe wani abin a zo a gani. Masu zoɓo da kunun tsamiya kuwa cewa suke yi tsamin da ɗan Adam ke sha bai ƙona masa hanji ba, ta ina zai iya da bokitin ƙarfe? Maganar ɗaya ce, kuma kuskure ce. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a nan Damagaram, kuma abin da nake so in nuna shi ne raunin asid saurin aikinsa kawai yake ragewa, amma yawan ƙarfen da zai narkar idan aka ba shi lokaci yana nan yadda yake, har ma akwai ƙarfen da mai raunin ya fi mai ƙarfin yi wa ɓarna.

Ga mai karatun da bai zauna ajin kimiyya ba, asid na kaboksil dangi ne babba na sinadarai masu tsami, kowannensu yana ɗauke da wani gungu na ƙwayoyin zarra da ake rubutawa COOH, wato kabon ɗaya da oksijin biyu da haidurojin ɗaya. Wannan haidurojin shi ne ke iya ɓallewa idan sinadarin ya shiga ruwa, kuma ɓallewarsa ce ke kawo tsami. Da dama daga cikinsu suna cikin madafinmu. Ruwan khal yana ɗauke da asid asetik, tsakanin kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari; lemun tsami yana da sitirik; tsamiya cike take da tatarik; nono yana samun tsaminsa daga laktik, wanda ƙananan halittu ke samarwa daga sukarin madara; zoɓo da yakuwa kuma suna da sitirik da malik da wasu ƴan uwansu. Mafi ƙanƙanta a dangin shi ne fomik, wanda Bature ɗan Ingila John Ray ya ba da labarin tace shi daga tururuwa a 1671. Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin shi ne ya ware tatarik a 1769, laktik daga madarar da ta yi tsami a 1780, sitirik kuma daga ruwan lemo a 1784.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya haɗu da ƙarfen da ke saurin sakin ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da zarra, ƙarfen yana miƙa ilektoron ɗinsa ga haidurojin da ya ɓalle, haidurojin ya zama iska ya fita a matsayin kumfa, ƙarfen kuma ya narke cikin ruwan ya zama abin da masana sinadarai ke kira gishiri, ba na miya ba. Da maganiziyom da asid asetik ana rubuta shi kamar haka: 2CH3COOH + Mg → (CH3COO)2Mg + H2. Tun 1766 masanin kimiyya ɗan Ingila Henry Cavendish ya nuna cewa iskar da ke fita daga tutiya da baƙin ƙarfe da kuza idan an zuba musu asid iska ce guda mai kama wuta, kuma har yau da tsinken ashana ake gane ta: a kai shi bakin kwalbar gwaji, sai a ji ta yi ɗan ƙara.

Kwatanci na farko, wanda shi ne tushen sauran, tsakanin asid mai ƙarfi ne da mai rauni. A ɗauki kwalabe biyu, a zuba mililita 100 na asid haidurokulorik a ɗaya, mililita 100 na asetik a ɗayar, kowanne da kauri iri ɗaya, wato mol 0.1 a kowace lita (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari). A kankare zaren maganiziyom da takardar yashi har ya yi ƙyalli, a yanka shi gida biyu daidai, kowane yanki ya haura giram 0.12 domin ƙarfen ya fi ƙarfin asid ɗin, a jefa su a lokaci guda. A kwalbar farko zaren yana tasowa sama nan take, kumfa ta lulluɓe shi ya riƙa yawo a saman ruwa, ana jin sautinsa, kwalbar ta ɗan yi ɗumi a hannu. A ta biyu kumfar ƙanana ce, tana taruwa a jikin zaren tana tashi ɗaya bayan ɗaya ba tare da hayaniya ba. A nan ne yawancin ɗalibai ke rufe littafi su rubuta cewa na farko ya fi fitar da iska. Da za su ɗaura balan-balan a bakin kowace kwalba su yi haƙuri har kumfa ta tsaya a duka biyun, da sun ga balan-balan ɗin sun kumbura daidai wa daida, kowanne da kusan mililita 120 na haidurojin, kuma nauyin ƙarfen da ya narke a kwalaben biyu bai bambanta ba.

Dalilin yana cikin abin da masanin kimiyya ɗan Suwidin Svante Arrhenius ya fara bayani a kai a 1884. Asid haidurokulorik yana sakin dukkan haidurojin ɗinsa da zarar ya shiga ruwa, shi ya sa ma'aunin tsaminsa, wato pH, wanda ƙanƙantarsa ke nuna yawan tsami, yake 1 a wannan kauri. Asetik kuwa ɗan abin da ya wuce kashi 1 cikin ɗari kawai yake saki, pH ɗinsa ya tsaya kusa da 2.9, sauran kashi 98 da ɗoriya suna nan a ɗaure. Amma ɗaurin ba na dindindin ba ne. Duk lokacin da ƙarfe ya cinye abin da aka saka, sai wasu ƙwayoyin su saki nasu domin cike gurbin, a haka a haka har na ƙarshe ya fita. Kamar magidanta biyu ne masu rumbu cike da gero iri ɗaya: ɗaya ya buɗe ƙofa hatsin ya zube gaba ɗaya, ɗayan yana aunawa tiya-tiya kowace safiya, amma kafin damina rumbunan biyu duk sun koma fanko. Akwai wani abu ma da ya kamata malamai su lura da shi. Haidurojin da ke sake a kwalbar farko ya ninka na ta biyu kusan sau 75, sai dai wanda ya riƙe agogo zai ga jinkirin asetik bai kai ko kusa da hakan ba, domin ƙwayoyin da ba su saki nasu ba suna kai shi har jikin ƙarfen su sake shi a can.

Sai kwatanci tsakanin ƴan dangin su kansu. Ana auna ƙarfinsu da wata lamba da ake kira pKa, wadda ƙanƙantarta ke nuna ƙarfi, kuma bambancin maki ɗaya a cikinta yana nufin ninki goma. Fomik yana da 3.75, asetik 4.76, furofanoyik mai kabon uku 4.87. Wato fomik ya ninka asetik ƙarfi sau goma a wannan ma'auni, kuma a kauri ɗaya kumfarsa da maganiziyom ko tutiya ta fi tashi da sauri, yayin da tsakanin asetik da furofanoyik ido ba zai iya rabewa ba sai da agogo da ma'aunin iska. Abin da ke kawo bambancin shi ne abin da ke maƙale da gungun COOH. Sarƙar kabon tana tura ilektoron zuwa ga gungun, ta sa ya riƙe haidurojin ɗinsa da kyau. Kulorin kuwa janye ilektoron yake yi, don haka idan aka maye ɗaya daga cikin haidurojin na asetik da ke wajen gungun COOH da kulorin lambar tana faɗuwa zuwa 2.86, idan aka sa kulorin uku ta sauka ƙasa da 1, ƙarfin ya ninka na asetik fiye da sau dubu goma, har a rasa dalilin ci gaba da kiransa mai rauni. Na madafinmu suna tsakiya: laktik 3.86, sitirik 3.13, tatarik kusan 3. Duk sun fi asid ɗin ruwan khal ƙarfi, abin da ke ba ɗalibai mamaki, tunda khal ne ke da warin da ke bugun hanci, alhali warin alamar saurin tashi cikin iska ne kawai.

Da a ce jerin lambobin nan shi ne ƙarshen zance, da haddace shi ya wadatar, kuma da ban ɗauki alƙalami ba. Amma lambar ba ta faɗin abin da ke faruwa da gishirin da aka samar, alhali shi ne sau da yawa ke yanke hukunci. Asid okzalik, wanda ake samu a ganyaye irin su alayyafo, lambarsa ta sakin haidurojin na farko kusan 1.25 ce, ya fi fomik ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk da haka idan aka jefa masa tutiya ko maganiziyom, kumfar tana farawa sai ta yi sanyi, saboda gishirin da ya samar ba ya narkewa sosai, yana kwantawa a jikin ƙarfen ya zama shamaki tsakaninsa da ruwan. Sitirik da tatarik akasin haka suke yi: sitirik yana da gungun COOH uku, tatarik biyu, kuma da su suke kama ƙwayar ƙarfen da ta narke ta fuskoki da dama su riƙe ta cikin ruwa, su janye ta daga wurin, fuskar ƙarfen ta kasance a buɗe kullum. Wannan ne ya sa lemun tsami da tsamiya suke wanke tsatsa da dattin tagulla fiye da yadda lambarsu kaɗai za ta sa a yi tsammani, kuma matan da ke goge tasa da jiƙaƙƙiyar tsamiya sun san haka tun kafin a buɗe lakwal a garin nan.

Kwatanci ba ya zama na adalci sai an daidaita sharuɗɗa, kuma a nan ake yawan yin sakaci. Kauri da mol ake auna shi, domin kashi 5 cikin ɗari na asetik ya kai kusan mol 0.8 a lita, amma kashi 5 na sitirik bai wuce 0.26 ba, tunda ƙwayarsa ta fi nauyi fiye da sau uku. Garin ƙarfe ya fi dunƙule saurin narkewa, ƙarfen da aka kankare ya fi wanda ya yi duhu. Zafi kuma nasa daban ne: a bisa ƙiyasi, ƙarin digiri goma yana iya ninka saurin irin wannan aiki, saboda haka gwajin da aka yi da sanyin safiyar Janairu ba za a haɗa shi da wanda aka yi da azahar a Afrilu ko Mayu ba, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40. Littattafan da muke koyarwa da su suna ba da lambobinsu ne a kan digiri 25.

Ɗaya ɓangaren kwatancin shi ne ƙarafan. Jerin da ake koyarwa yana farawa daga fotasiyom da sodiyom da kalsiyom, ya bi ta maganiziyom, alminiyom, tutiya, baƙin ƙarfe, kuza da dalma, sannan haidurojin, a ƙarƙashinsa kuma jan ƙarfe da azurfa da zinariya. Na farkon ko ruwa zalla ba su bari ba balle asid, kuma bai kamata a kusantar da su da shi a cikin aji ba. A ruwan khal maganiziyom yana kumfa a fili, tutiya tana yi a hankali, ƙusa kuwa sai an bar ta ta kwana a ga ƴan kumfa a jikinta, bayan kwanaki ruwan ya koma ja-ja saboda iska ta taɓa ƙarfen da ya narke. Jan ƙarfe ba ya fitar da kumfa ko kaɗan. Jerin gaskiya ne, sai dai ƙarafa uku a cikinsa suna yaudarar wanda ya tsaya a kansa, kuma ukun duk suna iya shiga abincinmu.

Alminiyom yana sama da tutiya da baƙin ƙarfe, don haka da jerin kaɗai za a bi, da tukunyarsa ta narke a miyar farko. Abin da ke kare shi wata fata ce siririya ƙwarai da yake yi da oksijin na iska, wadda ido ba ya gani, kuma idan aka kankare ta takan sake fitowa nan take. Asid mai sanyi ba ya saurin huda ta, amma tsami da zafi da gishiri idan suka haɗu suna cin ta. Duk wadda ta dafa miyar yakuwa ko tumatir a tukunyar da cikinta ya yi baƙi ta ga shaida: bayan an kwashe miyar, cikin tukunyar yana yin fari fes daidai inda miyar ta tsaya, sama da nan kuma baƙin yana nan da layinsa kamar an ja shi da alli. Abin da ya bar jikin tukunyar cikin miyar ya shiga. Kanwa ma tana cin wannan fata ta ɗaya gefen, duk da cewa ita kishiyar tsami ce. Ban ce a firgita ba, domin kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya ƙayyade a 2011 cewa jiki na iya ɗaukar miligiram 2 na alminiyom a kowane kilo na nauyinsa a mako, kuma girki na yau da kullum a tukunya mai kyau ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne ajiya, wato a bar tsami ya kwana ya wuni a ciki, da kuma abin da aka haɗa da alminiyom ɗin wajen zubi, wanda zan zo kansa.

Jan ƙarfe yana ƙasa da haidurojin, shi ya sa ɗalibi ke rubuta cewa asid na kaboksil ba ya taɓa shi. A kwalbar da aka toshe haka ne. Da zarar iska ta samu shiga, oksijin ne ke karɓar ilektoron ɗin a madadin haidurojin, asid kuma ya narkar da abin da ya samu, a sami gishiri mai launin kore-shuɗi ba tare da an ga kumfa ko ɗaya ba. A ɗora wayar jan ƙarfe a kan tsumman da aka jiƙa da khal, cikin kwana ɗaya ko biyu tsumman zai yi kore a inda wayar ta kwanta. Mutanen Mompeliye a kudancin Faransa sun yi ƙarnoni suna sana'ar haɗa wannan launi ta hanyar jera faifan jan ƙarfe cikin tsamin inabi. Man da ya daɗe ya yi ɗoyi ma yana yin haka, saboda ya saki asid na kaboksil masu doguwar sarƙa, waɗanda ba sa narkewa a ruwa amma suna cin tagulla a hankali. Wannan koren yana sa amai da ciwon ciki, kuma saboda shi ne ƙasashen da ke girki da jan ƙarfe suke shafe cikin tukunya da kuza.

Dalma ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma a kanta ne mai rauni ke kayar da mai ƙarfi ƙiri-ƙiri. Kowa ya san batirin mota: faifan dalma ne zaune cikin asid salfurik shekara da shekaru ba su narke ba, domin gishirin da salfurik ke yi da dalma kusan ba ya narkewa, abin da ruwa mililita 100 ke ɗauka bai kai giram 0.005 ba, sai ya manne a jikin faifan. Gishirin da asetik ke yi da ita kuwa yana narkewa fiye da giram 40 a wannan adadi na ruwa, babu abin da ke mannewa ya tare hanya, kuma idan da iska aikin ba ya tsayawa. Mafi muni, gishirin yana da zaƙi, ba ya gargaɗin harshe. Rumawan dā sun riƙa dafa ruwan inabi a tukwanen dalma suna yaba ɗanɗanonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana ce ta fi shan wahala. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da take yi a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu. Tasu daga ƙurar duwatsun zinariya ta fito, amma gubar guda ce ko ta wace ƙofa ta shiga.

Ƙofar da ta shafe mu ita ce tukwanen zubi da muke kira na dalma, waɗanda a zahiri alminiyom ne da aka narkar daga tarkace: gwangwani, sassan injin mota, tsofaffin wayoyi, lagireto da makamantansu. Idan tarkacen ya zo da laham ko wani gami mai dalma ta gaskiya, tana shiga jikin tukunya. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru, da wani a 2017 da ya tattara kaya daga ƙasashe goma, sun tafasa ruwa mai ɗan asetik a cikinsu suka tarar wasu suna sakin dalma da kadmiyom da alminiyom mai yawa, wasu kuma ba su da laifi sosai. Lura da abin da suka yi gwajin da shi. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna dalmar da ke fita daga kwanukan tangaran ma da asetik kashi 4 cikin ɗari ake yin ta, a bar shi awa 24 a ciki. Asid ɗin da ɗalibanmu ke rainawa shi ne ma'aunin da masana suka zaɓa, saboda shi ya fi kama da abin da abinci ke yi wa mazubi.

Tutiya ba ta da wata yaudara, tana narkewa kamar yadda jerin ya faɗa, kuma ita ce rufin bokitan ƙarfe masu walƙiya da ake jiƙa zoɓo da tsamiya a ciki, musamman da azumi. Zoɓo mai pH kusa da 3 idan ya wuni a irin wannan bokiti yana iya kwasar tutiyar da za ta sa mai sha tashin zuciya da amai, a ɗora laifin a kan ƙanƙara ko ruwa. Alamarsa ɗanɗanon ƙarfe a baki da cikin bokitin da ya dusashe. Baƙin ƙarfe shi ne mai sauƙin lamari, domin ɗan abin da tsami ke narkarwa daga tukunyarsa jiki yana amfani da shi wajen gina jini, illa dai yana baƙanta abinci. Dukawanmu sun mayar da wannan aiki sana'a: suna jiƙa guntayen ƙarfe a ruwa mai tsami su sami kuloko, wanda da kansa ba baƙi ƙirin ba ne, amma da an shafa shi a fatar da aka jeme da bagaruwa sai ta yi baƙi a gaban idonka, saboda ƙarfen da ya narke ya haɗu da sinadarin bagaruwar da ke cikin fatar. Ga abin da ya dace da ajiyar tsami: ƙwarya, wadda masu fura da nono ba su taɓa rabuwa da ita ba, da tukunyar ƙasa marar sheƙi irin ta Mirriya, da kwalba, da robar da aka yi don abinci, da ƙarfen inoks wanda kuromiyom ɗin da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, ke yi masa fatar da tsamin abinci ba ya hudawa.

Kada matasa su ɗauka darasin na madafi ne kawai. Ɗanyen mai a wurare da yawa na duniya yana ɗauke da wasu asid na kaboksil da ake kira naftenik, masu raunin da a sanyi ba sa yin komai, amma tsakanin digiri 220 zuwa 400 suna cin bututun ƙarfe, kuma gishirin da suke yi yana narkewa cikin man ya tafi, ya bar ƙarfen tsirara. Duk matatar mai tana auna tsamin ɗanyen da ke shigo mata saboda wannan, kuma wanda ke burin aiki a matatar SORAZ, da aka buɗe a arewacin garin nan a 2011, zai tarar da tambayar tana jiransa.

Roƙona na farko ga ƴan uwana malamai ne. Wannan babi ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Khal da lemun tsami da tsamiya suna Kasuwar Dole, ƙusa da guntun kwanon rufi da wayar lantarki da yankin gwangwanin lemo suna kowane lungu, kwalaben magani da aka wanke da balan-balan sun isa kayan aiki. A jera su a bayan aji, a sa ɗalibai su riƙa dubawa suna rubuta abin da suka gani na tsawon mako, a toshe wasu kwalaben a bar wasu a buɗe, sannan a tambaye su dalilin da ya sa wayar da ke buɗaɗɗiyar kwalba ta rina ruwanta, ta toshewar kuma ba ta yi ba. A kiyaye wuta kusa da balan-balan, kuma kada a sa dalma a hannun yara, a bar ta a kan allo.

Roƙo na biyu ga masanan sinadarai na Jami'ar André Salifou da hukumomin lafiya na jiha. A sayo tukwanen zubi daga maƙera daban-daban na Damagaram da kewaye, a yi musu gwajin asetik kashi 4, a sanar da sakamakon da Hausa a gidajen rediyo. Ba ina neman a hana kowa sana'arsa ba ne, domin tukwanen nan su ne daidai aljihun talaka, kuma masu zuba su ba su da na'urar da za ta nuna musu abin da ke cikin tarkacen da suke saye. Idan aka gano irin tarkacen da ke kawo dalma, a nuna musu shi su riƙa ware shi kafin narkarwa. Kafin a kai ga haka, masu zoɓo da kunun tsamiya su juye abinsu cikin roba ko kwalba da zarar an sauke, kada su bar shi ya huce ya kwana a tukunyar da aka dafa shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin kimiyyar sinadarai,
Unguwar Birni, Damagaram.